Fashin baƙi: Iyaye ne ba su damu da boko ba, ko makaranta ce ba ta san hanyar gidajensu ba?

Wai shin da gaske iyaye ne ba su damu da karatun 'ya'yansu ba, ko kuwa makarantar ce ta zauna a bayan katangarta tana jira sai an zo an same ta? Duk sanda aka fito da lissafin yaran da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, walau miliyan 10 da rabi da UNICEF ta daɗe tana ambata ko kusan miliyan 20 da UNESCO ta fitar a 2022, amsar da ake saurin bayarwa ɗaya ce, wai iyaye ne, musamman namu na Arewa, ba su san darajar ilimi ba. Maganar ta ƙara zafi a watan Nuwamban 2025 lokacin da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa aka koma Turanci, tsarin da gwamnatin Buhari ta amince da shi a ƙarshen 2022 zamanin Malam Adamu Adamu yana minista. An sha muhawara a rediyo da Facebook, farfesoshi sun yi magana, 'yan siyasa sun yi, amma ni dai ban ji muryar mai sayar da ƙosai ko Bafulatanin ruga a cikin hayaniyar ba, alhali 'ya'yansu ne ake ta wannan ja-in-ja a kansu.

Toh wannan shirun shi ne abin da nake so mu duba, domin akwai wata magana da masana ilimi ke yi wadda mutane da yawa ke yi wa gurguwar fahimta, wato haɗin gwiwa tsakanin makaranta da iyaye wanda ke la'akari da al'adar kowane gida.

Me ake nufi da wannan haɗin gwiwar?

Da yawanmu idan aka ce haɗin gwiwar makaranta da iyaye abin da ke zuwa mana a rai shi ne mitin ɗin PTA. A aiko da takarda, a jera benci a ƙarƙashin bishiya, hedimasta ya yi jawabi, shugaban PTA ya yi jawabi, a ƙarshe a ce kowane yaro zai kawo kaza na gyaran rufin aji ko na alli, a yi addu'a a watse. Wannan taro ne, kuma yana da amfaninsa, amma magana a cikinsa hanya ɗaya take bi, daga tebur zuwa benci. Haɗin gwiwa kuwa sai an yi ba ni gishiri in ba ka manda, makaranta ta faɗa wa uba abin da ta sani game da ɗansa, shi ma uban ko uwar su faɗa wa makaranta abin da suka sani wanda malami ba zai taɓa gani a aji ba, sannan idan za a yanke shawarar da ta shafi yaron a yanke ta tare.

Ita kuma maganar la'akari da al'ada, nan ma akwai ruɗani. Makarantun kuɗi sun maida ita ranar al'adu, sau ɗaya a shekara a sa wa yara rawani da saƙi da jigida, wannan ya fito a Bafulatani wancan a Bayarabe, a ɗauki hoto a sa a WhatsApp. Yara na jin daɗi, ba laifi. Amma abin da ake nufi ya wuce sutura da rawa. Ana nufin makaranta ta san da wane harshe ake magana a gidan yaron, wa ke riƙonsa, wa ke da ta cewa a kansa, wane lokaci ne iyayensa ke da sarari, me suke ɗauka ladabi me suke ɗauka raini, me suke tsoro game da boko, sannan ta tsara yadda take hulɗa da su bisa wannan sanin.

Kuma kada mu ɗauka iyalai mabambanta sai a Landan ko Amurka ake samu. Shiga aji ɗaya a Sabon Garin Kano ko Kakuri a Kaduna ko cikin Jos ka ƙirga. Ga Bahaushe, ga ɗan Ibo da aka haifa a nan, ga Bayarabe, ga yaron da rikicin Boko Haram ya koro iyayensa daga Borno wanda Kanuri ko Shuwa ake yi a gidansu, ga Buzu, ga Bagwari, ga Bahaushe Kirista wanda sunansa kaɗai ba zai nuna maka ba. Ko a ƙauyen da kake ganin duk Hausawa ne akwai ɗan ruga da ke tahowa daga bayan gari, akwai maraya, akwai wadda ke hannun kakarta ko goggonta tun yaye, amma fom ɗin makaranta sunan uba da sa hannun uba kawai ya sani.

Inda ake saɓa wa juna

Bari in ba da wani abu da na gani da idona a wata firamaren gwamnati da ke unguwarmu, na je ne a kan maganar ɗan ƙanwata. Na tarar an kira wata mata saboda ɗanta ya yi kusan sati biyu bai zo ba. Malamar ajin 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu, yarinya mai ƙoƙari wallahi, ita da kanta ta matsa a kira uwar, har ta fara koyon Hausa tana haɗawa da kyar. Ta buɗe rajista ta ce, "Mama, yaya sunan yaronki?" Sai matar ta sunkuyar da kai ta ja bakin hijabinta, ta yi ɗan murmushi, ta juya ga ƙaramar yarinyar da ta zo da ita ta ce, "Ke, faɗa wa malama sunan yayanki." Na ga fuskar malamar ta canza, ta juya ta ce wa hedimasta da Turanci wai dubi, ko sunan ɗanta ba za ta iya faɗa ba, ta yaya za ta damu da karatunsa. Wani dattijo mai gadin makarantar da ke tsaye a bakin ƙofa, ban san yadda ya tsinci maganar ba, shi ne ya ce, "Malama, ɗan fari ne ai. Kunya ce."

Kaga abin da mu muka tashi muka gani a matsayin alkunya, tarbiyya ce babba a wajen Hausawa da Fulani uwa ta kauce wa kiran sunan ɗanta na fari, ita malama ta karanta shi a matsayin rashin kulawa. Da aka zauna aka bi maganar a hankali sai ta fito cewa mahaifin yaron ne ke kwance ba lafiya, yaron ke zama masa a tebur ɗinsa na kasuwa, kuma uwar kullum da dare sai ta sa shi ya buɗe littafinsa ko da ita ba ta iya karanta abin da ke ciki ba. Da ba don mai gadin nan ba da an rubuta gidan a cikin waɗanda ba su damu ba, shikenan an gama da su.

Irin wannan na da yawa. Yaronmu idan babba na masa faɗa ƙasa yake kallo, har ya durƙusa, malamin da ya fito daga inda ake cewa yaro ya kalle ni cikin ido sai ya ɗauka alamar rashin gaskiya ce. A juya kuma, malami Bahaushe ya samu yaron da a gidansu an saba yaro ya kalli babba ya tambaye shi dalili, sai ya ce fitsararre ne ba shi da kunya. Mu ma muna yi wa wasu, wannan gaskiya ce da ya kamata mu haɗiye. Akwai makarantu a garuruwanmu da idan lokacin darasin addini ya yi, yaran Kirista sai dai su fita su zauna a inuwa saboda ba a kawo musu malami ba, kamar yadda ake yi wa yaran Musulmi a wasu wuraren, kuma a duka biyun iyayen yaran na gani suna ajiyewa a zuci.

Sai maganar lokaci da harshe. A rubuta takardar gayyata da Turanci a ba yaro ɗan aji uku ya kai wa uban da ajami kawai ya iya, a sa mitin ƙarfe goma na safe ranar da kasuwar garin ke ci ko tsakiyar damina ana noman farko, a haɗa maza da mata wuri ɗaya a garin da matan aure ba sa fita sai da dalili mai ƙarfi kuma ko sun zo ba za su buɗe baki gaban surukansu ba. Mutum bakwai su zo, sai a rubuta a rahoto cewa iyaye ba sa ba da haɗin kai.

Daga ina abin ya samo asali?

Ba yau aka fara ba. Boko ya shigo ƙasar Hausa ne a bayan bindiga. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, shekara shida bayan nan Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin Kano a 1909. A Kudu kuma 'yan mishan ne suka kawo makaranta tare da coci, labarin hakan ya riga ya iso Arewa, toh dole iyaye su yi ɗari-ɗari. Tsofaffi har yanzu suna ba da labarin yadda ake raba wa dagatai da masu unguwanni adadin yaran da za su kawo, dogarai su bi gida-gida, masu hali su ɓoye nasu a rumbu ko su tura su gabas karatun allo, a kama na marasa gata a kai. Wato tun ranar farko dangantakar ta ginu a kan umarni daga sama, makaranta ta gwamnati ce, kai uba naka shi ne ka miƙa yaro ka koma gefe. Da aka zo shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976 zamanin Obasanjo na soja, makarantu suka yawaita cikin gaggawa, aka ɗebo malamai daga ko'ina, amma wancan tunanin na makaranta a sama iyaye a ƙasa bai canza ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne misalin da muke nema yana nan a zaurenmu. Dubi makarantar allo ta unguwa, ba ina maganar tura yara bara gari mai nisa ba, wannan wata matsala ce daban. Uba da kansa yake kama hannun ɗansa ya kai wa malam, su gaisa, ya ce ga amana. Malam ya san gidan, ya san kakan yaron, ana suna yana nan, ana jana'iza shi ke gaba. Ranar Laraba yaro ya kai kuɗin Laraba daidai ƙarfin gidansu, Alhamis da Juma'a a huta, lokacin karatu an tsara shi da safe da yamma da dare yadda bai ci karo da aikin gida da na gona ba. Yaro ya kai wata sura a yi sadaka, ya sauke a yi walima duk dangi su taru. Uwar da ba ta taɓa taka ƙofar firamare ba ta san izu nawa ɗanta ya kai. Toh mutanen da ke yin wannan ne za a ce ba su damu da ilimi ba? Sun damu da makarantar da ta san su, ta shigo rayuwarsu, take magana da harshensu.

Me aka gwada, me ya yi aiki?

A Najeriya babban yunƙurin shi ne kwamitin kula da makaranta na al'umma da ake kira SBMC, wanda majalisar ilimi ta ƙasa ta amince da shi a tsakiyar shekarun 2000, bayan dokar ilimin matakin farko na bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004. Bambancinsa da PTA shi ne ba iyaye da malamai kawai ba ne, a tsarinsa akwai mai unguwa ko wakilin sarki, malaman addini, wakilan mata, masu sana'ar hannu, tsofaffin ɗalibai, har da wakilan yaran kansu. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya yi aiki a kan waɗannan kwamitoci a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa, sannan shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF ya ƙarfafa ƙungiyoyin iyaye mata a jihohi irin su Bauchi da Katsina da Sakkwato da Zamfara da Neja. Dabarar ƙungiyar iyaye mata ita ce ta fi burge ni, domin ta gane cewa mace ce ke iya shiga cikin gida har ɗaki ta zauna da 'yar'uwarta ta tambaye ta me ya sa yarinya ta daina zuwa, abin da hedimasta namiji ba zai taɓa iyawa ba, iyakarsa zaure. Matsalar dai a wurare da yawa kwamitin ya tsaya a takarda, hedimasta ya rubuta sunayen mutanensa ya aika ofis, ko kuma ya yi rai lokacin da masu ba da tallafi ke nan, suna tafiya ya kwanta.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya da ta dace mu duba. A can ma akwai kwamitocin lakwal, wato makarantar boko, da aka fi sani da COGES, kuma a 2004 hukumar JICA ta Japan ta fara wani shiri da su a jihar Tawa kafin a yaɗa shi ƙasa baki ɗaya. Abin da suka sa a gaba shi ne a zaɓi shugabannin kwamiti ta hanyar ƙuri'ar sirri a gaban taron gari, maimakon a ce mai gari ko malamin makaranta ya nuna wanda yake so, sannan a tattauna matsalolin lakwal a bainar jama'a, a tsara abin da za a yi a shekara, a dawo a ba da bayanin kuɗi. Mutanen gari da kansu suka riƙa kafa azuzuwan zana suna bi gida-gida rubuta yara. Ƙaramin abu ne a ido, zaɓe kawai, amma shi ke sa talaka ya ji cewa makarantar tasa ce.

A Ghana kuma, iyaye Musulmi a zango-zango irin su Nima a Accra da Kumasi da kuma Tamale sun daɗe suna gudun makarantun mishan don tsoron a canza wa 'ya'yansu addini. A 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasar, ta ce wa masu makarantun Arabiyya ku riƙe makarantunku ku ci gaba da karatun addini, mu za mu turo malaman boko mu biya su. Wato aka kai boko inda iyaye suka riga suka amince. Kwatanta wannan da makarantun almajirai na zamani da gwamnatin Jonathan ta gina, wadda aka fara buɗewa a Gagi cikin Sakkwato a 2012, gine-gine masu kyau sama da 150, amma da yawansu suka koma kufai ko aka maida su wani abu, kuma cikin dalilan da aka fi ambata akwai rashin tafiya da alarammomi da iyayen yaran tun daga tushe. Yanzu akwai sabuwar hukumar almajirai da yaran da ba sa makaranta wadda aka sa hannu a dokarta a 2023, idan ta maimaita wancan salon na gini kafin shawara sakamakon ba zai canza ba.

Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 mai hedikwata a Kaduna ita ma tunaninta ya yi daidai, azuzuwan tafi-da-gidanka, lokacin karatu da ya dace da kiwo, shirin rediyo don mutanen ruga. Rashin kuɗi da rashin malaman da ke jin Fulatanci kuma suka yarda su zauna a daji, sai kuma rashin tsaro na shekarun nan, su suka karya mata gwiwa.

Wani misali daga nesa da nake so malamanmu su ji. A garin Tucson na jihar Arizona a Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1980, wani masani Luis Moll da abokan aikinsa sun sa malamai su riƙa zuwa gidajen ɗalibansu 'yan asalin Meziko, talakawa da ake yi wa kallon ba su da abin bayarwa, da sharaɗin cewa malami zai je ne ya koya, ba ya kai ƙara ko wa'azi ba. Sai suka tarar da gidajen cike da sani, noma, kafinta, kanikanci, magungunan gargajiya, kasuwanci. Wata malama ta gano ɗalibinta na sayar da alewar da yake kawowa daga Meziko, sai ta gina darasi guda a kan alewa, har wata uwa ta zo aji ta koya wa yara yadda ake yinta. Yanzu ka tuna yarinyarmu mai tallan gyaɗa da ke lissafin canji a ka cikin ƙiftawar ido amma a aji an ce ba ta iya lissafi ba, ko ɗan ruga da ya san sunan kowace ciyawa da cutar da take yi wa saniya amma ana masa kallon daƙiƙi a darasin kimiyya.

Ɓangarorin da ke jayayya

Malamai na da tasu hujjar kuma ba ƙarama ba ce. Malamin da ke da yara sama da ɗari a aji ɗaya suna zaune a ƙasa, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ga bashin mai shago, ka ce masa ya bi gidajen ɗalibai bayan an tashi, da wane kuɗin mota, da wane ƙarfi? Kuma akwai iyayen da ko ka je har gida ba za su saurare ka ba, akwai wanda zai zo makaranta da sanda don an tsawata wa ɗansa. Duk wanda ke wa'azin haɗin gwiwa bai sa wannan a lissafi ba yana ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Idan gwamnatin jiha na son ziyarar gida, ta sa ta cikin lokacin aiki ta ba da kuɗin zirga-zirga, ta kuma koyar da ita a kwalejojin horon malamai, domin yawancin masu takardar shaidar koyarwa ta NCE sun fito ba a taɓa koya musu yadda ake zama da uba ko uwa a yi magana ba.

Akwai kuma masu tsoron cewa da zarar an ce a mutunta al'ada an buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba. Wani zai ce al'adarmu ce a cire yarinya a aji biyar a yi mata aure, wani ya ce al'adarmu ce yaro ya bi shanu shekara guda. Tsoron nan na da tushe. Ra'ayina a nan shi ne fahimtar al'adar mutum daban, amincewa da duk abin da ya zo da shi daban. Haƙƙin yarinya na ta yi karatu ba abin ciniki ba ne. Amma wa uban zai saurara ranar da za a ce masa ya bar ta ta gama, malamin da ya zo masa gaisuwar rasuwa ya zauna a tabarmarsa, ko wanda bai taɓa ganinsa ba sai a takardar barazana? Kuma sau da yawa idan ka tona abin da aka kira al'ada sai ka tarar da wani abu ne daban a ƙasa, makarantar ba ta da banɗakin mata, ko babu malama mace ko ɗaya, ko hanyar akwai daji ana tsoron masu garkuwa, ko kuwa uban ya ga yayyenta sun gama firamare ko wasiƙa ba sa iya karantawa ya ce to me aka yi. Waɗannan duk makaranta da gwamnati na iya gyarawa, amma sai an tambaya kafin a sani.

Inda aka ƙi zama a yi magana kuwa, kotu da rigima ke raba gardama. Maganar hijabi a makarantun gwamnatin Legas ta yi shekaru tana yawo a kotuna har sai da kotun ƙoli ta yanke a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai mata na da 'yancin sa shi. A Ilorin gwamnatin Kwara sai da ta rufe makarantu goma a 2021 a kan wannan rikicin. A Ghana a shekarar ce aka yi ta cece-kuce bayan makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumin Ramadan. Ko wane ɓangare mutum yake, yaran ne suka yi asarar darasi, kuma sun koyi cewa makaranta da gidansu abokan gaba ne.

Maganar harshe, da abin da ya shafi talaka

Mu koma inda muka faro. Minista ya kafa hujja da faɗuwar jarabawa a yankunan da suka rungumi harshen uwa, masu sukarsa kuma na tuna masa da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon shekara shida suka yi zarra har a Turancin kansa, suna kuma cewa tsarin 2022 ba a ma samar masa da littattafai da malamai ba balle a ce ya gaza. Ni ina tare da masu cewa yaro ya fi gane karatu da harshen da yake mafarki da shi. Amma ko da wane harshe aka ƙare a kai cikin aji, babu dokar da ta hana hedimasta yin magana da iyaye da harshen da suke ji. Saƙon murya a WhatsApp, sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a da a coci ranar Lahadi, mai shela, duk suna nan kuma kusan kyauta ne. Mu Hausawa kuma mu kula, idan aka ce harshen uwa a Arewa sai mu ɗauka Hausa ake nufi, alhali ga uwar da Fulatanci ko Kanuri ko Tangale ko Bura take ji, mitin da Hausa zalla zai iya zame mata kamar yadda Turanci ke zame wa iyayenmu. A nemo mai fassara babba daga cikinsu, kada a sa ɗanta ya fassara mata laifin kansa.

Mai kuɗi idan makaranta ta raina shi cire ɗansa yake yi ya kai wata, har hedimasta ya bi shi da ban haƙuri. Talaka ba shi da wata, idan aka raina shi sau ɗaya a gaban ɗansa ba ya dawowa, bayan wata biyu yaron ma ya daina zuwa, a ƙara shi cikin miliyoyin nan da ake lissafawa. Shi ya sa abin ya fi shafar mai ƙaramin ƙarfi, kuma shi ya sa bai kamata iyaye su ma su zauna jiran a kira su ba. Kowace firamaren gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin SBMC, kuma uba ko uwa na da damar zuwa su tambayi su waye a ciki, yaushe aka zaɓe su, yaushe suka zauna na ƙarshe. A duba sunayen da kyau, mata nawa ne, akwai mutumin ruga, akwai wakilin baƙin da suka zo gudun hijira, akwai na cocin da ke bayan layi. Idan babu, a nemi a ƙara su a zama na gaba, kuma a sa zaman bayan la'asar a ranar da kasuwa ba ta ci.